Littafin Marigayiya a Gindin Kaskon Yu Ngadinah

Yu Ngadinah ta haura shekara talatin tana suya a gindin mangwaron Pak Hardoyo, ni kuma na haura shekara talatin ina cin abin da ta soya ina kushe shi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata a lungunmu na bayan kasuwa, nan birnin Solo, bangon ma na katako. In ta yi atishawa ni ce mai yi mata addu'a, in ta yi faɗa da mijinta ni ce alƙalin da ba a gayyata ba. Duk wanda ya ce ya fi ni saninta, ya zo mu zauna. A wurinmu Yu da Kang kamar a ce yaya ne ga mace da namiji, Pak da Bu kuwa kamar malam da malama.

Tana amarya ta zo mana daga wani ƙauyen kan dutse na wajen Wonogiri, da kwando ɗaya, da kasko ɗaya, da miji ɗaya, Kang Marjo, mai tuƙa keken haya mai ƙafa uku. Kaskon har yau yana aiki. Kang Marjo kuwa gwiwoyinsa sun yi murabus tuntuni, ya koma zaman benci kusa da matarsa, wai yana taya ta. Taimakon nasa shi ne korar ƙuda, da ɗanɗana ayaba don a tabbatar ta soyu.

Wurin suyar ba nata ba ne. Marigayiya Bu Murtini, matar Pak Hardoyo, ita ta gan ta tana yawon talla da tire a ka da tsohon ciki a gaba, ta kira ta, ta ce ta kafa kaskonta a gindin mangwaron ƙofar gidansu, ai inuwa ba ta ƙarewa don an raba ta. Ba haya, ba shaida. Daga wannan inuwar Yu Ngadinah ta ciyar da 'ya'ya biyu har suka yi aure suka watse. Pak Hardoyo malamin firamare ne, rabin lungun nan ya bi ta hannunsa. Tun yana zuwa aiki har ya daina, tun matarsa tana raye har ta rasu, kullum da safe sai ya fito ta ƙofar gaba, ya gaida Yu Ngadinah da ladabi kamar wata matar gwamna, ya karɓi soyayyar ayabarsa biyu ya koma ya sha shayi.

Abin da ba kowa ya sani ba game da ita shi ne karatu. Ni aji uku na yi na gudu, ita ta kai aji huɗu, kuma wannan ajin guda da ta fi ni har gobe tana yi min gori da shi. Takardun da take ƙunshe suya da su tsofaffin littattafai ne da take saya a kan sikeli wurin masu tara shara, ba bango, ba farko, ba ƙarshe. Ba ta ƙunshe awara ko rogo da shafi sai ta karanta shi. In labarin ya yi daɗi, mai saye sai ya tsaya ya jira, rogonsa na hucewa. Ta san yadda ake buɗe bayan rediyo amma ba ta san yadda ake rufewa ba. Ta san masoya sun fi ɗari da suka yi faɗa, ba ta san ko ɗaya da suka shirya ba. Nakan ce mata kanta kamar kwandon 'yan gwanjo ne, takalmi ƙafa ɗaya-ɗaya. Takan ce gara nata da takalmi, nawa ko igiyar takalmi babu.

Bara, da bikin 'yancin kai ya matso, Bu Sulastri matar mai unguwa ta ce ta gaji da tseren buhu da hawan sanda mai maiƙo. Ita ce mai kantar littattafan aro a barandarta, kuma duk abin da ta sa a gaba sai an yi. Ta ce kowane lungu zai zaɓi shekara ɗaya, kowane gida ya nemo littafin da aka buga a wannan shekarar, wani daga gidan ya karanta, ranar biki ya tashi ya ba da labarinsa a gaban jama'a. Aka rubuta shekaru a 'yan takardu, aka nannaɗe aka zuba a kofi, aka girgiza kamar yadda muke fitar da mai kwasar adashe. Lungunmu ya faɗo a 1982. In faɗa tun yanzu, ba mu ci gasar ba, lungun teloli ne suka tafi da fankar da aka sa kyauta. Ba labarin fanka nake ba.

Aka shiga zazzage akwatuna da ƙarƙashin gadaje. Mutanen da rabon su da buɗe littafi tun suna saka gajeren wando suka koma masu duba shafin farko suna ƙanƙance ido. Ni Allah ya taimake ni na samu wani ɗan siriri a gidan surukata, na yadda ake kiwon tarwaɗa a rami, hoto ya fi rubutu yawa. Daidai ni.

Yu Ngadinah ce ta rasa. Gidanta cike da takarda, amma ba ɗaya mai shafin da ake rubuta shekara. Ta fara cewa a cire gidanta, ita ina ita ina tsayuwa gaban mutane. Zancen ya kai kunnen Pak Hardoyo. Da safe ya fito karɓar ayaba, sai ga shi da littafi a hannu biyu. Ya ce na marigayiya ne, shi ya saya mata a shekarar da suka yi aure, ga ma sunanta nan da hannunta a ciki. Labarin wata yarinya ce mai sayar da gishiri da ta shiga jirgin ruwa neman yayanta. Yu Ngadinah ta goge hannu a zani ta ce ba za ta iya ba, hannunta na mai ne. Ya ce ta karɓa. Ta ce ta gode amma a'a. Ya ajiye shi a kan benci, ya ɗauki ayabarsa ya shige gida. A wurinmu babba in ya ajiye maka abu ya juya, magana ta ƙare.

Don kada mai ya taɓa bangon, sai ta nannaɗe shi da tsohuwar jarida, ta ajiye shi a ƙarƙashin benci inda hannunta zai kai in ciniki ya lafa. Na ga tana yi, na kuma yaba mata da dabara. Ta yi kwanaki ba ta kula ni, hancinta na cikin littafi. Na ce wa Kang Marjo ya yi hankali, matarsa ta kusa neman aikin ofis ta bar shi da ƙuda.

Ranar Lahadin da maza suka fito gayyar fentin lungu da share kwata, ciniki ya ɓarke. Mai ya ƙare mata ana tsakiyar rububi, ta bar tire cike, ta ce wa Kang Marjo ya riƙe wuri ta je kasuwa ta dawo. Takardun ƙunshi suka ƙare masa. Ya laluba ƙarƙashin benci, hannunsa ya faɗa kan wani abu a cikin tsohuwar jarida. A wurin mai suya duk takardar da ke kusa da kasko sunanta ƙunshi, haka ya gani shekara talatin. Shi kuma rubutu da sawun kaza duk ɗaya ne a idonsa.

Ina tsaye a wurin da ta dawo da galan ɗin mai. Ta sunkuya, ta laluba, ta ɗago da abin da ya rage, bango da 'yan shafukan ƙarshe suna reto.

"Kang," ta ce, murya a ƙasa, "wa ya taɓa wannan?"

"Ni. Takardarsa da kyau, ba ta jiƙewa da wuri. In kin koma wurin mutumin ki ƙaro irinsa."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na samu abin dariya. Ta zauna a ƙasa, galan a cinya, tana kallon ƙofar Pak Hardoyo.

Muka bi gida-gida ni da ita. Ba za ta iya faɗin abin da take nema ba, sai ta shiga ta gaishe da mutane, ta tambayi lafiyar yara, idonta na kan kwandon shara. Ni ce mai cewa kai tsaye a ba mu takardar da aka ci rogo a ciki. Kafin azahar duk lungu ya sani, kuma duk lungu ya yi kamar bai sani ba. Washegari ta fito ta tarar da shafuka a kan bencinta an danne da dutse, wasu har an goge su da dutsen guga. Haka aka yi ta kawowa, ba wanda ya ce ni na kawo. Amma ba duka suka dawo ba. Wasu sun bi kwata, wasu sun tafi a aljihun masu fenti na wasu unguwanni, ɗaya kuma a gaban idon mai facin tayar lungunmu akuyarsa ta tauna.

Abin da ya fi kashe mata jiki shi ne Pak Hardoyo bai fito ba. Litinin ƙofar gaba a rufe. Talata a rufe. Ta ware ayabarsa biyu ta rufe da ganye, suka huce, Kang Marjo ma bai yi ƙarfin halin taɓa su ba. Sai labari ya zo cewa an ga tsohon yana fita ta ƙofar baya, yana tsallake kwata, yana zagayawa ta bayan makaranta in zai je masallaci. Mutumin da ke tafiya da sanda.

Yu Ngadinah ta daina cin abinci. Ta bango nake jin ta tana juyi a kan tabarma. Ta ce min ta gane, dattijo ne, ba zai buɗe baki ya kore ta ba, amma ga shi ta hana shi ƙofar gidansa. Matarsa ta ba ta inuwa, ita ta saka mata da yayyaga abin da ta bari. Ta yanke shawara za ta kwashe kaskonta ta koma bakin gada. Na ce bakin gada ba inuwa, ba masu saye sai ƙurar babura, kuma a shekarunta ba a sake sabon wuri. Ta ce ta sani. Na ce in ta tafi wa zan riƙa zagi da safe. Ko murmushi ba ta yi ba, a nan na san abin ya wuce wasa.

Na ce to ko tafiyar ce ai ba a yin ta a ɓoye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A je a faɗa masa. Ta ce ba za ta iya shiga ita kaɗai ba. Da ma a wurinmu ba a zuwa ba da haƙuri hannu rabbana, kuma ba a zuwa ba ɗan rakiya. Ta sayi sukari da ganyen shayi, ta jera shafukan da aka samu ta ƙulle a sabon ɗankwali, ta sa rigarta ta zuwa biki. Ta ce wa Kang Marjo ya aro baro ya loda kayan suya, in mun fito sai a wuce. Ni kuma ta ja min kunne, in na buɗe baki a gidan mutane ba ita ba ni.

Bayan la'asar muka ƙwanƙwasa. An daɗe kafin a buɗe. Pak Hardoyo ya fito yana ɗingishi, idon sawunsa ɗaure da tsumma. Ya ce mu shigo, ya nuna mana kujeru, Yu Ngadinah ta zame ta zauna a ƙasa. Ya ce ta hau kujera, ta ce nan ya yi mata. Sai shi ma ya ƙi zama a tasa, ya ja ɗan guntun benci. Ya kawo shayi. Aka fara zancen zafin bana. Aka koma kan mangwaro, ya yi fure sosai, Allah ya sa iska ta bar shi. Aka tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi jikokinsa na Surabaya. Ya ce mu sha shayi, ta ce to, ba ta taɓa ba. Ya sake cewa, ta sake cewa to. Ni tun tayin farko na shanye nawa, na fara kallon nata.

Sai da zance ya ƙare tas, ba abin da ya rage a tambaya sai lafiyar kyanwa, sannan ta tura ƙullin gabansa da hannu biyu, kanta a ƙasa.

"Pak, amanar da kuka ba ni ce na dawo da ita, amma ba yadda na karɓa ba. Laifina ne, ni na ajiye ta inda bai kamata ba. Kuma na zo in yi sallama. Daga gobe zan koma bakin gada, ku samu ku riƙa fita ta ƙofarku."

Bai kwance ƙullin ba. Ya dafa sanda ya tashi ya shiga ɗaki. Muka ji ana jan aljihun tebur. Yu Ngadinah ta runtse ido. Ya dawo da shafuka biyu, a miƙe, da tabon mai a tsakiya, ya ɗora su a kan ɗankwalin.

"Waɗannan tun ranar Lahadin suke wurina," ya ce. "Da kina kasuwa na fito, Marjo ya ƙunsa min ayabata."

Alkawarin da na yi na rufe baki a nan ya karye. Na ce, "To Pak, tunda kun sani tun ranar, me ya sa kuke bin ƙofar baya kamar mai satar kaji?"

Yu Ngadinah ta mintsine ni a cinya, wurin har yau in na tuna sai na shafa. Amma tsohon dariya ya yi, ƙaramar dariya, ta mutumin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce bai san yadda zai yi ba ne. In ya fito ya karɓi ayaba kamar kullum, dole ta ɗago ta dube shi, kuma ya san ba za ta iya ba. In ya mayar mata da shafukan, kamar ya kai ƙara ne da shaida a hannu. In ya yi shiru ya riƙe su, littafin ba zai haɗu ba. Sai ya ga ya ba ta 'yan kwanaki ta tattara abin da za ta tattara ba idonsa a kanta. Kwatar ce dai ba ta san dattijo ba, ta murɗe masa ƙafa. Ya ce kuma tun ranar shayi kawai yake sha da safe, ya gwada ayabar wani yaro na bakin titi, kamar ana tauna soso.

Yu Ngadinah ta ce, a hankali, ai dai ransa ya ɓaci.

Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, da ya buɗe ƙunshin ya gane rubutun, ya daɗe zaune, ayabar ma bai ci ba. Daga baya ya karanta shafin. Rabonsa da buɗe littafin tun kafin jana'iza, yana cikin kabad gara na zagaye shi. Ya ce marigayiya ba ta iya karatu sai da abin taunawa a hannu, sun sha faɗa kan tabon mai a littattafansa na makaranta, da tana nan da ita za ta fara yi masa dariya.

Sannan ya dube ta sosai.

"Zancen gada kuma ki bar shi. Murtini ce ta ba ki wurin nan, ba ni ba. Ni ba ni da ikon karɓewa, ke ma ba ki da ikon mayarwa."

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta rawa, ba sauti. Shi ya juya yana kallon bango kamar an manna sabuwar kalanda, ni kuma na ja kofinta na shanye, don kada shayin mutane ya lalace.

Da ta natsu ya ce ta tafi da ƙullin, ta sa zare da allura ta ɗinke, ta ƙarasa karatunta, ai gidanta na da tsayuwa ranar biki kamar kowane gida. Inda shafi ya ɓata ta tambaye shi da safe, zai faɗa mata abin da ya tuna, abin da ya manta kuma su bar wa akuyar mai faci. Sukarin ya ce ya yi yawa, ta ce bai yi ba, suka yi ta turawa juna har na ce in ba mai so ni ina da gida. Ya karɓa.

Ta ƙofar gaba ya rako mu. A gindin mangwaro muka tarar da Kang Marjo a tsaye da baro, ya ɗaure kasko da murhu da benci da igiya, ya sa hular da yake zuwa jana'iza da ita. Ya ga tsohon, ya cire hular, ya rasa inda zai sa ido. Pak Hardoyo ya tambaye shi gwiwa, shi ya tambayi Pak Hardoyo idon sawu, suka tsaya suna ba juna sunayen man shafawa.

Yu Ngadinah ta jingina da mangwaron ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ta ce yunwa take ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun haihuwar fari.

"Kang, kwance igiyar nan."

"Yanzu na gama ɗaurewa fa."

"Kwance. Bencin za ka fara saukewa, zama zan yi."

Ya kwance yana gunaguni, wai shi bai san ranar da zai yi daidai a gidan nan ba. Na aika aka sayo mata taliya da romo daga bakin titi, kwano biyu, ɗaya don ni, ladan rakiya. Ta cinye nata a kan bencin, ƙullin littafin a cinyarta, ta kai cokali cikin nawa.